Turkuɗin Gidan Abdussalami

Dutsen farko ya faɗo ne a kan kwanon rufin kicin, lokacin da rana ta gama nutsewa a ƙetaren kogin Bahar, ladan bai ma gyara murya ba. Sakina na durƙushe gaban kasko tana shafa kisra, siririyar wainar dawa. Maigidanta, Malam Abdussalami, ya dawo daga hawasha, wato gonarsa, ke nan, yana zaune a bakin angarib, gadon igiya, yana kankare taɓon ƙafarsa da buta. 'Yarsu ƙarama Rukayya, wadda saura kwana tara a kai ta gidan miji a Rufa'a, tana ɗaki zaune a kan ramin hayaƙi na gyaran jikin amarya, an lulluɓe ta da bargo, ƙamshin itacen ya cika tsakar gida ya tsallaka katanga.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji Malam, bai ko ɗaga kai ba.

Na biyu ya faɗa cikin randar ruwan sha, ya wuce ta bakinta bai taɓa gefe ba. Aljanun wasu garuruwa jifa kawai suka iya, amma na garinsu, Hillar Gwani, har da saiti gare su, kowa ya san wannan daga Sinnar har Rufa'a.

Na uku kuwa a hankali ya zo, kamar an ajiye shi da hannu, ya tsaya a gaban yatsun ƙafar Nasiba.

Nasiba ita ce babbar 'yar gidan. Shekara biyar ke nan da aurenta ya mutu ta dawo ɗakin uwarta. Ta sunkuya ta ɗauki dutsen. Dutsen kogi ne, sumul, jiƙe, alhali tsakanin gidan da kogi akwai tafiya mai gajiyar da jaki. Da ta juya shi sai ta ga shuni a jikinsa, shuɗi mai duhu, irin wanda ke cikin tafin hannunta tun la'asar. Ta dunƙule hannun, ta tura shi cikin tob ɗinta, mayafin da ta naɗe jikinta da shi. Ladan ya yi kira. Kowa ya tashi ya yi alwala.

Abin da Nasiba ta sani, sauran ba su sani ba, shi ne wannan.

A ƙuryar ɗakin marigayiya Habboba Raliya, kakarsu ta wajen uba, akwai wani tsohon sanduƙin ƙarfe, a cikinsa kuma akwai turkuɗi. Baƙin zane ne mai sheƙi kamar bayan hankaka, wanda kakanni suka taho da shi a ƙasa tun daga Sakkwato. Kowace amaryar gidan, tun daga wancan zamani, a cikinsa aka kai ta ɗakin miji. Ba a taɓa wanke shi ba, ba a taɓa mayar da shi marina ba, amma shuninsa bai ƙare ba. Amarya in ta fito daga cikinsa sai ka ga wuyanta da damatsanta sun yi shuɗi, kuma matan da har gasa suke a kan wadda shuninta ya fi daɗewa bai goge ba.

Habboba takan zaunar da jikokinta ta karanta musu launuka kamar mai karanta allo. Ja, in ji ta, na maƙwabtanmu Larabawa ne, jini ne, da shi suke tsorata abin da ba a gani ranar jirtig, bikinsu na sa wa ango da amarya albarka. Fari na gawa ne da na mai takaba. Namu baƙi ne, don baƙi ba ya ɗaukar wani rini bayansa, wadda ta shiga da shi ta shiga ke nan. Sa'an nan idon mai hassada in ya faɗa cikin baƙi ba ya samun wurin kamawa, kamar guga a rijiya marar gindi. Dokokinsa biyu ne kacal. In ya fito daga sanduƙi ba ya komawa sai ya kai amarya. Amarya kuma ba ta ɗaga shi daga fuskarta sai a bakin ƙofar mijinta, ko da sama za ta faɗo.

A cikinsa aka kai Nasiba. Ta yi kuka, ta yi birgima, ta ce ƙawayenta duk farar riga suka sa, Habboba ta ce sai dai bayan ranta. Hotunan bikin har yau suna nan, ango yana murmushi a gefen wani abu kamar buhun gawayi da aka jingine. Ta ji 'yan matan dangin ango suna dariya da Larabci a bayanta. Shekara biyu auren ya yi ya tsinke, shi wannan baƙin da aka ce ba ya ɗaukar wani rini.

To yanzu ga Habboba ta kwanta dama, ba mai tilasta kowa. Ga Rukayya, 'yar lelen gida, wadda ta yi sakandare a Rufa'a, Hausarta ma a karkace take fita, rabi da rabi da Larabci. Dangin angonta Uzairu sun kawo kayan lefe, tob shida, takalmi shida, turaruka, jan tob na jirtig mai zaren zinariya. A saman su duka kuma farar riga, wadda yayar ango ta aiko daga Jidda, doguwa, mai duwatsu a ƙirji, mai jela kamar ta ɗawisu. Ranar da aka buɗe ta mata suka yi guɗa har maƙogwaronsu ya bushe. Nasiba ma ta yi guɗar. Ta fi kowa ƙarfin murya, don abin da ke cinta a ciki yana neman hanyar fita.

Kwana uku rigar na rataye a ɗakin Habboba cikin leda. Kwana uku Nasiba na shiga ɗaukar abin da ba ta buƙata.

Ran nan da la'asar matan gida duk suka tafi maƙwabta dakan turaren amarya. Nasiba ta ce kanta na ciwo. Da gida ya yi shiru ta shiga ɗakin, ta sauke rigar ta shimfiɗa a kan angarib, ta buɗe sanduƙi. Turkuɗin ya fito da sanyi kamar an ciro shi daga ƙasan randa. Ta guntsi ruwa ta fesa masa, ta shimfiɗa shi a kan farar rigar, ta danna da tafukanta biyu, ta danna, sa'an nan don kada aikin ya zama rabi ta hau ta zauna. Ba ta nufin kashe auren kowa. So take kawai ita ma Rukayya ta san yadda ake kuka a kan tufafi.

Da ta gama ta mayar da rigar cikin leda ta rataye. Ta ninke turkuɗin ta sa a sanduƙi, murfi ya ƙi rufuwa. Ta sake ninkewa, ta danna da gwiwa. Zanen da ɗazu bai cika rabin sanduƙin ba, yanzu ya tashi kamar ƙullin da ya kwana. A nan ne ta tuna dokar farko, amma ta ce ai Habboba ta tafi da dokokinta. Ta cusa shi cikin wani buhun dawa da babu kome, ta tura ƙarƙashin angarib.

Hannun ne ya ƙi wankuwa. Ta sa sabulu, ta sa toka, ta sa lemun tsami. Washegarin jifan da sassafe ta tafi wajen mai lalle ta ce a cike mata tafukan da baƙi ƙirin.

"Ke, lalle tun yanzu?" in ji Sakina, wadda ba ta taɓa kiran sunan 'yar farinta ba. "Kafin biki ai ya goge."

"Sai in sake, Inna. Bikin ƙanwata ne."

Magariba ta biyu duwatsu bakwai suka faɗo. Malam ya hau katanga da tocila, samarin unguwa suka zagaye gidan da sanduna, ba su ga ko kyanwa ba. Magariba ta uku ba a yi jifa ba. Shiru ne ya sauko, irin wanda har kaji suka ƙi shiga akurkinsu, suka taru a tsakar gida suka tsaya. Sama ta yi wannan launin da ba shuɗi ba, ba baƙi ba. Sai aka ji guɗa daga ɗakin Habboba, guda ɗaya, doguwa, siririya, ta tsohuwar da ba ta da haƙori.

Sakina ce ta yi ƙarfin halin leƙawa. Ba kowa a ɗakin. Amma ledar rigar ta zame ƙasa, kuma ga rigar a rataye, ƙirjinta da cikinta sun rine, ga sawun tafukan hannu biyu ɓaro-ɓaro a kan duwatsun.

"Inna lillahi," in ji Sakina a hankali. "Malam, zo ka ga hannun aljani."

Nasiba na tsaye a bayansu, sai ta ji wani sanyi mai daɗi ya ratsa ta. Ga ɓarnarta an gani, ga kuma wanda aka ɗora wa. Ta ce a ranta, ashe har a cikin aljanu akwai masu kirki.

Rukayya ta zo ta tsaya a gaban rigar. Kowa na jiran kuka. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta juya, ta yi tafiya irin ta mai ciwon gwiwa, ta je ta zauna a kan sanduƙin Habboba, ta miƙe ƙafafu.

"Wa tat tashe ni?" ta ce.

Muryar ba tata ba ce. Hausar ma ba tata ba ce. Yarinyar da ba ta iya haɗa zance uku ba sai ta jingina da Larabci, ga ta tana fitar da Sakkwatanci tsantsa, wanda ko Malam rabonsa da jin irinsa tun yana riƙe da zanen kakarsa.

Haka aka shiga. Da rana Rukayya na kwance, ba ci ba sha sai an ɗura mata, idanu a buɗe ba ta ganin kowa. Da zarar rana ta faɗi sai ta tashi ta koma kan sanduƙi ta yi tambayarta, sau ɗaya, ta yi shiru tana jira har a kira isha'i, sa'an nan ta sulale. Limamin gari ya yi rubutu, aka yi hayaƙi da laya, ta sha rubutun ta ce gishirinsa bai ji ba.

Labari kuwa ba ya jiran mota. Ranar Talata uwar ango, Hajja Kausar, ta iso daga Rufa'a, wai ta zo duba lafiya. Ta ƙi shan shayi. Ta kalli rigar, ta kalli yarinyar, ta gyara tob ɗinta.

"Mu ba gaggawa muke ba, Hajja Sakina," ta ce. "In zuwa Juma'a Allah ya kawo sauƙi, alhamdu lillahi. In kuwa da saura, sai a ɗaga, lafiya ta fi."

Duk macen da ke wurin ta san abin da ake nufi da a ɗaga. Bikin da aka ɗaga saboda aljani ba a sake sauke shi.

Nasiba ta raka ta har bakin hanya, ta dawo tana juya maganar a bakinta kamar alewa. To ga su nan su biyu za su zauna a ɗakin Inna, ba wadda ta fi wata. Amma alewar ba ta kai yamma ba ta fara ɗaci. Ita ce ke ɗura wa Rukayya kunu, ita ke juya ta. Wuyan hannun da aka yi wata biyu ana murza shi da turare ya koma kamar kara. Da ta ɗaga ta za ta canja mata riga, sai ta ji ta ba nauyi, kamar lokacin da take goya ta tana ƙarama. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna idon Baba, ta tuna matan unguwa da abin da za su riƙa kiranta har ta mutu. Ta rufe.

Ranar Laraba Malam ya ɗauki mota ya tafi wajen Dinder, ya dawo ranar Alhamis da la'asar tare da Faki Jibo, malamin da ya yi suna wajen fitar da aljanu.

Wanda ya ji sunan Faki Jibo zai zaci ƙato ne. Ɗan tsurut ne, da gemu kamar na bunsuru da carbin ƙwallon aduwa wanda ya kusa fin shi nauyi. Bai tambayi marar lafiya ba. Ya zauna a rumfa ya ce a dafa masa gahawa, ya sha ƙoƙo uku, yana kallon mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Da Nasiba ta miƙo masa na ukun ya dubi hannunta.

"Lallen ya kama," ya ce.

"Ya kama, Malam."

"Ƙwarai kuwa."

Da aka idar da magariba ya ce kowa na gidan ya shigo ɗakin Habboba, baƙi su tsaya waje. Rukayya ta riga ta hau sanduƙinta. Fitila ɗaya aka kunna. Ya zauna a ƙasa a gabanta, ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, kamar mai lallashin jariri. Ya daɗe. Ƙamshin baba, irin na bakin marina, ya fara tasowa a ɗakin, har ya danne na turaren wuta. Can yarinyar ta ɗaga hannu.

"Ya isa, ɗan malam. Ni ma musulma ce. Na yi sallata tun kakanka bai yi kaciya ba."

"To alhamdu lillahi, Iya. Wace ce ke, kuma me ya kawo ki jikin 'yar mutane?"

"'Yar mutane? Ɗiyata ta. Duk ɗiyan gidan ga ɗiyana na. Tare munka taho da zanen ga tun daga bakin karohin da anka rina shi. Na kai amare talatin da ɗaya. Kowace ni ka shan idon da anka jehe ta da shi, in kai ta ƙohwa lahiya, in koma in kwanta. Ban taɓa roƙon kowa ko goro ba."

"To me ya yi zafi yanzu?"

Kan yarinyar ya juya a hankali zuwa ga rigar da ke rataye. Leɓenta ya murɗe.

"Kwana ukku anka rataye min wagga a bisa kai. Ina kwance ina jin guɗa. Shekara ɗari ina aiki ba a taɓa yi min guɗa irin wadda anka yi ma likkahwanin ga ba. Abin da ko ido guda ba ya iya tarewa, sai ma ya kira shi. Na haɗiye, na ce zamani na. Sai anka zo anka buɗe ni. Na tashi da murna, na ce ashe an tuna da ni. Ashe ba amarya za ni kai ba. Tsumman goge-goge anka maishe ni, anka zauna min bisa, anka cusa ni buhu."

Malam Abdussalami ya dubi matarsa. Sakina ta dubi ƙarƙashin angarib. Faki Jibo ya sa hannu ya jawo buhun, ya zazzage, turkuɗin ya zubo yana sheƙi a hasken fitila.

"Ashe hannun mutum ne a jikin rigar," in ji Malam, muryarsa ta dushe. "Iya, faɗa min ko wane ne. Ko mai lallen nan ce da ke shige da fice? Wallahi gobe ba za ta kwana a garin nan ba."

"Ba ni hwaɗin sunan wadda na taɓa ruhewa. Ba a san ni da tonon asiri ba, aikina ruhi na. Ita ta hwaɗi da bakinta. In ba ta hwaɗi ba, ga ni ga yarinya. An tashe ni don amarya, to na riƙe amaryata."

Faki Jibo ya ja carbinsa. "Iya, kin san ina da abin da zan karanta wanda ba za ki ji daɗinsa ba."

"Na sani. Kana ƙona ni, ina riƙe da ita. Duba wuyan hannunta ka gani ko tana iya ɗaukar kokawarmu."

Ya duba. Ya sauke carbinsa.

Nasiba na jingine da bango, hannuwanta a cikin tob. Ta ce a ranta, an rufe mata da yawa a garin nan, gwaggonni, 'ya'yan baffanni, wa zai ce ita ce. In ta daure zuwa isha'i, shi ke nan.

Sai muryar ta sake tashi, wannan karon ba ta kallon kowa, kamar mai zance da kanta.

"Tana cewa ni na kashe mata aure. Ni kuwa na riƙe ta da kyau har mun kai gadar ruwan gona. Sai ga motocin wani biki na Larabawa sun taho da kiɗa. Tat ɗaga ni, ɗan kaɗan, da yatsa biyu, don ta ga rigar waccan amarya. Ba idon kowa yas shiga ba. Nata na yaf fita. Tun ran nan bai komo gida ba, yana can bisa kayan mutane. Ta shiga ɗakin miji tana duban na wasu. Wanga kam ba ni da maganinai."

Ba wanda ya san wannan a duniya. Ko ita Nasiba ta binne shi ta manta inda ta binne. Ta ga hanyar nan, ta ga farar rigar a bayan gilashin mota, ta ji zafin da ya soke ta a ranar da ya kamata a ce ita ake kallo. Ta dubi Rukayya, ƙasusuwan wuyanta a waje, wata tsohuwa na amfani da bakinta. Gobe Juma'a.

Ta fito da hannuwanta. Ta taka zuwa wajen rigar, ta ɗora tafukanta a kan sawun nan biyu. Suka zauna daidai, yatsa a kan yatsa.

"Ni ce, Baba."

Malam ya miƙe, ya koma ya zauna.

"Nasiba," in ji Sakina, sunan ya fito mata baƙo a baki. Nasiba ta gwammace a ce mari ne.

"To, Iya," in ji Faki Jibo, "an biya ki. Saura ki fita."

"Da sauran magana. A ƙona waccan."

"Ba za a ƙona ba. Kayan mutane ne, su za a mayar wa, a ba su haƙuri."

"To a hitar min da ita daga ɗaki."

"Wannan an yi."

"Yarinya ta tahi a cikina."

Faki ya dubi Malam, Malam ya gyaɗa kai. "Daga nan zuwa ƙofar miji," in ji Faki. "In ta shiga, jan tob ɗinsu na jirtig za ta sa, ba ruwanki. Kuma ke daga wannan kin gama. Gidan nan sun sallame ki, ke ma ki sallame su."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Da amsar ta zo, muryar ta yi laushi.

"Na gaji dama. In na kai ta, a kai ni Bahar a sake ni. Amma wadda tat tashe ni ita ka riƙe min baki a hanya, ita ka kai ni ruwa. Kuma a yi min guɗa. Tawa, ba ragowar ta wata ba."

Ya sa ta rantse da Alƙur'ani, ta rantse. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu, kada ta taɓa ido ko kunne. Ƙafar ta yi rawa, yatsan ya miƙe, Rukayya ta yi atishawa sau uku ta kife a jikin uwarta. Da ta buɗe ido ta dubi mutanen da suka kewaye ta, ta ce wa uwarta da Larabcinta na kullum, "Yumma, yunwa nake ji." A waje ladan ya kira isha'i.

Hajja Kausar ta zo da safe ta tarar da amarya tana cin kisra da miyar kuɓewa hannu baka hannu ƙwarya. Malam ya faɗa mata gaskiya duka, bai rage ba, Nasiba na durƙushe a gefe. Hajja ta karɓi rigarta a leda, ta dubi Nasiba tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa akuyar da ta ci shanya. Maganar baƙin zane ba ta yi mata daɗi ba, amma da ta ji wadda ta nema, ta ce ita ba ta jayayya da manya.

Rukayya kuwa da aka ba ta labari ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta daina ganin yayarta kawai. In Nasiba ta kawo ruwa sai ta ce Inna ta miƙo mata. Kwana biyu haka.

Ranar Lahadi da yamma aka lulluɓe ta. Tsofaffin garin da suka ji turkuɗi ya fito suka taho da sandunansu, har da waɗanda aka daɗe da cire rai da fitowarsu. Da amarya ta fito ƙofar gida, baƙin yana walƙiya a hasken rana mai faɗuwa, jan tob ɗin yana ɗan leƙowa ta ƙasa, sai wata tsohuwa ta saki guɗa, sauran suka kama. 'Yan matan da suka zo kallon abin dariya suka ciro wayoyi suna ture juna. Aka sa ta a bayan mota, Nasiba a gefenta, riƙe da bakin zanen.

Abin haushin, turkuɗin ya yi wa Rukayya kyau. A jikin Nasiba buhu ne, a jikin wannan yarinya kuwa ya zauna kamar don ita aka saƙa shi. Nasiba ta ji tsohon ciwon ya motsa a inda yake, ba abin da ya rage shi. Ga shi da hannunta ta ɗauki ƙanwarta ta ɗora a inda ba amaryar da ta taɓa hawa a Hillar Gwani.

Da suka shiga Rufa'a mutane suka fito bakin shaguna. Yara na bin motar, mata na leƙowa ta saman katanga, ana ta nuni. Ta ji ana cewa ma sha Allah, ana cewa wannan wace sarauniya ce Hausawa suka kawo. A ƙarƙashin zanen kan Rukayya ya fara juyawa hagu da dama. Sai ga yatsu biyu masu lalle sun fito, sun kama gefen lulluɓin ta wajen fuska.

Nasiba ta cafke hannun. Ta danne shi a cinya, ta sa ɗaya hannun ta ja bakin zanen ƙasa ta riƙe gam.

Aka ɗan yi kokawa a ɓoye. Sa'an nan hannun ya saki.

"Yaya," muryar ta fito ƙasa-ƙasa daga cikin baƙin, karo na farko cikin kwana uku. "Ba na ganin kome. Me suke cewa?"

Nasiba ta dubi titin, ta dubi fuskokin da duk suka juyo wuri ɗaya.

"Cewa suke wa ya ɗora tukunyar baba a mota."

Zanen ya girgiza. Ta ɗauka kuka ne, sai ta ji farce ya shige mata cinya, mintsini mai zafi irin na yarinta, da 'yar dariya a bayansa.

"Maƙaryaciya."

"Zauna daidai, ke dai. Saura layi biyu."

Ba ta sassauta riƙon ba sai da motar ta tsaya a ƙofar gidan su Uzairu.